Malam Muhyiddeen da Ginshiƙin Ɗakin Janareta

Shekara goma sha tara Malam Muhyiddeen ya yi yana kula da wani bene a Wuse, kuma a tsawon shekarun nan babu ɗan hayar da ya taɓa kiransa sau biyu a kan famfo ɗaya. Mutumin Zariya ne, ɗan Tudun Wada, gajere mai kaurin hannu, gemunsa ya fara furfura ta gefe guda. Mahaifinsa mai gyaran risho da fitilar ƙwai ne a bakin kasuwa. A gabansa ya tashi, kuma tun yana ƙarami yake jin tsohon yana cewa, duk lokacin da aka kawo masa zancen da ya fi ƙarfinsa, "Ni ku ba ni abin da hannu zai kama."

Ya zo Abuja yana saurayi, ya yi leburanci, ya koyi aikin famfo wajen wani Bayarabe, ya ɗan tsinci aikin wuta. Daga nan Allah ya haɗa shi da Alhaji Datti, wani ɗan kasuwa Bakatsine mai filaza hawa uku, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Alhaji ya damƙa masa makullai, 'yan haya suka sa masa suna Baba Kiyateka, wato mai kula da gini. A Orozo ya sayi ɗan fili wajen wani dattijon Gbagyi, ya gina ɗaki biyu da falo da hannunsa. Kullum yana idar da sallar asuba zai fito titi, ya sha cunkoson Karu da Nyanya, ya isa Wuse kafin masu shago su buɗe.

Mutum ne da ba ya iya zama hannu sake. In ya je gaisuwar mutuwa ya ga ƙofar gidan tana ƙara, sai ya nemi mai ya ɗiga mata. Matarsa Amatullahi takan ce in Malam ya shiga Aljanna, abin da zai fara tambaya shi ne ina ne yake yoyo.

Ita Amatullahin ce ta fara cewa falo ya yi duhu. Tana saƙar huluna tana sayarwa, sai ta ga zaren yana ɓace mata. Washegari Malam Muhyiddeen ya zo da ƙwan lantarki mai haske sosai ya ɗaura. Bayan wata biyu ta yi tuntuɓe a bakin ƙofar kicin, ya samo farin fenti ya shafe dokin ƙofar. Da ta fara lalube in za ta banɗaki, ya kafa mata ƙarfe a jikin bango ta riƙa kamawa. Kowane aiki ya yi shi da kyau, ya ja baya ya duba, ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi. Ita ma takan yi masa sannu ta ce ai yanzu ya fi.

A wajen aiki kuwa, shekara biyu da suka wuce Alhaji Datti ya ƙara hawa na huɗu a kan benen, aka ɗora manyan tankunan ruwa guda huɗu a samansa. Malam Muhyiddeen ne ya ja musu bututu, kuma ya ji daɗin aikin. Bayan damina ɗaya, ya shiga ɗakin ƙasa inda janareta yake, ya ga wani siririn layi a jikin ginshiƙin da ke kusurwar baya, kamar an ja shi da allura. Ya kwaɓa siminti ya shafe. Bayan wata uku layin ya dawo, ya ɗan yi faɗi. Ya sake shafewa, wannan karon har da fenti.

Sai ƙofofi suka fara gardama. Ta farko ita ce ta Madam Perpetual, wata mata 'yar Binuwai mai makarantar koyon ɗinki a hawa na biyu, ɗalibai mata kusan ashirin da kekuna jere. Ƙofarta ta ƙi rufuwa, ya cire ta ya kankare samanta ya mayar. Wata ɗaya ta sake cijewa. Ranar da ya zo karo na uku, Madam ta tsaya a kansa, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

"Baba Kiyateka, wannan ƙofa yana girma ne?"

"Damina ce, Madam. Katako yana shan ruwa."

"A watan Fabrairu ma ka yanke shi. Akwai ruwa a Fabrairu?"

Bai ɗago kai ba, ya ci gaba da ɗaure sukurori.

"Ni ba injiniya ba ne," in ji ta, "amma mijin ƙanwata Thaddeus injiniya ne. Na gaya masa. Ya ce in ƙofa yana cije, bango yana tsage, tayil yana tashi, a duba ƙafar gini. Ka bari ya zo ya gani."

"Sai da izinin Alhaji."

"To ka gaya wa Alhaji."

"Zan gaya masa. Gwada ki gani, ta rufu yanzu."

Ta rufe ƙofar, ta rufu lafiya lau. Ta dube shi ta girgiza kai, ta koma cikin ɗalibanta.

Ba wai Malam Muhyiddeen bai gane ba ne. Ya yi leburanci, ya san nauyin ruwa, ya kuma ga rodin da aka sa lokacin ƙarin hawan. Tunanin yakan zo masa a cikin mota, daidai gadar Nyanya in an tsaya cak. Amma da ya fara binsa sai ya rasa inda zai riƙe. In ginin ne ba lafiya, wa zai tunkari Alhaji da wannan? Ina masu shago arba'in za su koma? Shi kansa, mai shekara hamsin da huɗu, ina zai nufa? Kowace tambaya tana haifar uku, babu wadda za a gama kafin la'asar. Famfo kuwa, ka kwance, ka canja roba, ka ɗaure, ruwa ya tsaya, a ce maka Allah ya yi albarka. Sai ya isa Wuse ya tarar an ce wuta ta ɗauke a hawa na uku, ya ji kamar an yi masa bushara.

Ba shi kaɗai ba ne kuma. Hafizu mai shagon wayoyi a ƙasa ya ga tsagar bayan kantarsa, ya manna mata kalanda. Sakatariyar lauya a hawa na uku ta ga kujerarta mai taya tana gangarewa gefe, ta sa mata takarda a ƙafa. Kowa ya gyara gabansa ya ci gaba da neman abinci.

Ya dai gaya wa Alhaji, ranar da ya zo duba sabon fentin gaban filaza. Ya faɗa ne a tsaitsaye, yana kallon ƙasa.

"Ranka ya daɗe, akwai ginshiƙin ɗakin janareta, yana ɗan tsagewa."

"Ka shafe mana."

"Na shafe, yana dawowa."

"To ka ƙara siminti. Wane gini ne ba ya tsagewa a garin nan? Muhyiddeen, kai ne idona a nan, kada in ji zancen nan a bakin 'yan haya." Ya juya ga mai fenti yana nuna masa inda launi bai hau ba.

Malam Muhyiddeen ya ji daɗi a ransa, abin da ya ba shi kunya daga baya. An ba shi umarni, umarnin kuma irin wanda ya iya ne.

Wata Lahadi cikin watan Agusta 'yarsu Bilkisu ta zo gida. Ita kaɗai suka haifa, tana aure a Kubwa, tana koyarwa a firamare. Suna karin kumallo, Amatullahi ta ɗauki buta za ta zuba wa mijinta shayi. Ta riƙe kofin da hannun hagu, ta tsiyaya ruwan a gefensa, a kan yatsunta. Ba ta yi ƙara ba, ta ajiye butar a hankali tana hura hannun.

Kafin Bilkisu ta kawo ruwan sanyi, Malam Muhyiddeen ya riga ya ɗauki butar yana juya ta.

"Bakin butar nan ya karkace. Bari in daidaita shi."

"Baba, ajiye butar nan."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakin Bilkisu ba. Ya ajiye.

Bilkisu ta durƙusa gaban uwarta ta rufe mata idon dama da tafin hannu. "Umma, yatsa nawa na ɗaga?"

Amatullahi ta kawar da kai. Can ta ce, "Cire hannunki, ba na son wasa."

"Baba, ka gani? Ba fitila ba ce, ba dokin ƙofa ba ne, ba buta ba ce. Shekara nawa kana gyara gidan nan? Gidan lafiyarsa ƙalau. Don Allah ka kai ta asibitin ido."

"Za mu je. Wannan satin akwai aiki a filaza, tankin sama yana..."

"Ran Laraba ina da dama. In ba za ka je ba, ni zan zo in ɗauke ta."

Ya tashi ya fita tsakar gida. Ya tsaya yana kallon igiyar shanya, ya ga ta ɗan saki, hannunsa har ya kai gare ta. Ya tuna mahaifinsa, wanda aka kai asibiti da ƙafarsa a kan ciwon ciki, likita ya faɗi sunan cutar, kwana tara aka fito da gawa. Tun ranar yake ganin kamar faɗin sunan ne ya kashe shi. Ya ɗaure igiyar tamau ya koma ciki, babu wanda ya ƙara ta da zancen.

Ran Talata aka wayi gari da ruwan sama. Ya isa Wuse a jiƙe, Hafizu ya tare shi a bakin get.

"Baba, tayil huɗu sun tashi a shagona, kamar an harba bindiga. Ka zo ka liƙa min kafin kwastoma su fara zuwa."

"Ina zuwa."

Bai shiga shagon ba. Ya ɗauki kwanon sarki da ragowar siminti ya sauka ɗakin janareta, don ya san inda zancen yake. Ya kwaɓa simintin a bakin ƙofa tukuna, sannan ya haska tocila a kusurwar.

Shafen da ya yi ran Asabar yana ƙasa, ya zube ɓarɓashi. Kankaren ginshiƙin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, daidai tsayin ƙirjinsa. Rodi biyu sun fito waje, sun lanƙwasa kamar baka. Ya sa yatsa a ramin, yashi ya biyo yatsan.

Ya ciro waya ya kira Alhaji. Sai a kira na uku aka ɗauka.

"Ranka ya daɗe, rodi ya fito. Ya lanƙwashe."

"Ina Kano. Ka rufe ɗakin, jibi zan turo magini."

"Alhaji, akwai mutane a sama."

"Na ce jibi. Kada ka tayar wa kowa hankali, ka ji ni?" Wayar ta mutu.

Ya tsaya da cokalin gini a hannu. Simintin ya kwaɓu daidai, in aka bar shi zai sandare. Ya ɗebo, ya cusa a ramin, ya shafa. Ya ɗebo na biyu. A lokacin ne ya ji wani sauti daga cikin ginshiƙin, ƙas, ba mai ƙarfi ba, kamar an karya tsinken tsire. Yashi ya zubo masa a hula. A samansa yana jin kekunan ɗinki suna gudu, wata ɗaliba tana dariya.

Ya ajiye cokalin. Ya so ya yi tunanin abin gaba ɗaya, kansa ya ƙi ɗauka. Sai ya tambayi kansa abin da ya saba tambaya: me hannu zai kama a nan? Akwai babban makunnin wuta. Akwai matakala. Akwai sarƙa da kwaɗon get. Akwai bakin tankuna.

Ya kashe wutar ginin gaba ɗaya. Kekuna suka tsaya, ƙorafi ya tashi ta ko'ina. Ya hau hawa na biyu yana haki, ya samu Madam Perpetual a bakin ƙofa.

"Madam, ki fitar da 'yan matan nan. Ginshiƙin ya karye. A hankali, kada su yi gudu a matakala."

Ta dubi simintin da ke hannunsa, ta dubi fuskarsa. Ta juya ta tafa hannu sau biyu. "Kowa ya tashi. Jaka kawai. A bar keke."

Sauran ne suka ba shi wahala. Sakatariyar lauya ta ce sai ta haɗa fayilolin oga, ya ɗauki fayilolin ya tura su a hannunta ya nuna mata matakala. Wani mai sayar da tikitin jirgi ya ce wa zai biya shi asarar yini. Hafizu ya tsaya yana jera wayoyi a kwali ɗaya bayan ɗaya, kowace da ledarta. Wata mai gyaran gashi ta ce bari ta wanke wa kwastomarta kai, sabulu zai shiga ido. Har da wanda ya ɗauki tsintsiya yana share ƙurar da ke zubowa daga silin, yana mita. Malam Muhyiddeen yana bin su shago shago, murya ƙasa-ƙasa, yana maimaita magana ɗaya: ku fita, ginin zai faɗi. Sai da wata taga a hawa na uku ta fashe da kanta, gilasai suka watsu a farfajiya, sannan kowa ya saki abin da yake riƙe.

Da ya tabbata babu kowa, ya zarge get da sarƙa daga ciki. Madam Perpetual ta riƙe ƙarfen daga waje, ruwa yana dukanta.

"Baba, ina za ka?"

"Tankuna. In ruwan ya sauka nauyi zai ragu."

"Ka bar shi. Na kira Thaddeus, yana kan hanya."

Ya riga ya juya. Matakala saba'in da biyu ne zuwa sama, ya sani, don shi yake share su. Yana hawa yana karanta abin da ya zo bakinsa. A hawa na uku ya ga bango ya rabu da silin, haske yana shigowa ta tsakani. A sama ya durƙusa cikin ruwa ya buɗe bakin tankuna uku. Na huɗun ya yi tsatsa ya ƙi juyawa. Ya kama shi da filaya ya danna da duk ƙarfinsa, daɓen da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya ɗan motsa, kamar ya taka kwale-kwale. Ya bar na huɗun. Bai san yadda ya sauko ba, ya dai tsinci kansa a bakin titi, wani direban tasi yana miƙa masa ruwan leda.

Injiniya Thaddeus ya iso, dogo mai gilashi, ya sa hular ƙarfe ya shiga ɗakin janareta. Bai yi minti biyu ba ya fito da sauri, ya ce a ƙara matsar da mutane baya. Ya yi waya, jami'ai suka zo suka zagaye wurin da jan kirtani. Sannan ya zo wajen Malam Muhyiddeen.

"Baba, wa yake shafe wannan ginshiƙi?"

"Ni ne."

"Sau nawa?"

"Da na yau, shida."

"Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da wata huɗu."

Thaddeus ya cire gilashinsa ya goge ruwan, ya mayar. 'Yan haya suna tsaye kusa, duk sun ji.

Ginin bai faɗi a ranar ba. Sai ran Juma'a, ana tsakiyar huɗuba, kusurwar baya ta zauna ta danne ɗakin janareta da shaguna shida. Ko kaza ba ta mutu ba. Alhaji Datti ya aiko direbansa ya karɓi makullai, da saƙon cewa amana ya ba shi ya ci. Wasu 'yan haya suka ce Baba Kiyateka ne ya ceci rayukansu. Wasu suka ce shi ya ɓoye musu har kayansu suka salwanta a ciki. Duk wanda ya faɗa masa ɗaya daga ciki, Malam Muhyiddeen yakan ce masa gaskiya ne.

Amma kafin Juma'ar akwai Laraba. Bilkisu ta iso Orozo da sassafe ta tarar iyayenta sun shirya, uban yana zaune da hula a gwiwa. Suka yi awa huɗu a layin asibiti. Likitar, wata mata mai sanyin murya, ta ɗiga magani, ta auna, ta haska, ta daɗe tana dubawa. Ta ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na dama ya ragu, amma in aka riƙe shi da magani safe da yamma, ana zuwa awo a kan kari, za a iya tsare abin da ya saura.

"Tun yaushe kika fara jin duhun, Mama?"

"Ya kai shekara uku."

Likitar ta dubi Malam Muhyiddeen ta sunkuyar da kai ga takardarta.

A hanyar dawowa Bilkisu tana gaba, su biyu suna baya. Da suka wuce Karu, Malam Muhyiddeen ya juya ga matarsa.

"Amatu, ki yafe min."

"Ni ma na sani, Malam. Tun bara na rufe na dama na gwada. Sai na tashi na hau tsintar wake." Ta gyara mayafinta. "Abu ɗaya nake so. Yaya Ummukulthum tana Zariya, rabona da ita tun bikin Bilkisu. Ta yi jikoki uku ban ga ko ɗaya ba. Ina so in gan su da wannan da ya rage."

Yanzu Malam Muhyiddeen yana aikin famfo a gidajen Orozo da Karshi, wata rana a samu, wata rana a wuni. An kira shi sau biyu gaban masu binciken ginin, ya faɗi duk abin da ya sani har da nasa laifin, Alhaji yana zaune can gefe bai ko kalle shi ba. Har yau ba a gama zancen ba.

Tafiyar Zariya kuwa an yi ta cikin watan Satumba. Suka je tashar Jabi da hantsi, suka samu mota saura mutum biyu. Wani matashi da jakar kwamfuta yana zaune a bakin taga ta dama. Malam Muhyiddeen, wanda bai saba roƙon kowa komai ba, ya leƙa ya yi masa sallama ya ce don Allah ya taimaka ya matsa tsakiya, matarsa da ido ɗaya take gani, kuma na wannan ɓangaren ne. Matashin ya ɗan ɓata rai, sannan ya matsa. Amatullahi ta zauna ta sauke gilashin har ƙasa. Direba ya ce iska za ta dame ta in an hau babban titi, ta ce a bar shi haka.